Gyaran da Isufu ya riga ni turawa

Lahadi da dare, Filingue

Isufu ya bugo daga Yamai yana dariya. Masu kula da tsarin ordinatar, wato kwamfuta, sun karɓi gyaransa, har da sunansa a ciki. Na ce masa barka, amma a baki kawai.

Ni na gano matsalar nan. Ordinatar ɗin shagona ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke nakan kashe biyu don batir ya jima. Sai aiki ya tsaya cak. Na sha wuya kafin na gane: kowace ƙwaƙwalwa na da layin buƙatunta zuwa faifai, in ka kashe ta, na layin sai su yi ta jira ba mai sallamarsu. Dole a tsaida sababbi, a sallami na layi, sannan a kashe.

A motar Baleyara na zana masa wannan a bayan tikiti. Ya ce, "Aboki, tura musu mana." Na ce sai na gyara Ingilishina tukun, kada a yi mini dariya.

Ɗazu na karanta wasiƙar da ya tura musu sau biyar. Ingilishinsa ya fi nawa muni, kuma ba wanda ya yi dariya.