Nishi da Hannu

Litinin, 3 ga Maris

Awo yau ma. Na bar wata da rabin kitso a ka tana zumɓura baki, na ja ƙofar shago, na raka Auta asibiti. Ƙanwata ce, ya zan yi? Tunda aka haife ta kurma ni ce kunnenta, ni ce bakinta. Kasuwa ni, asibiti ni. Ranar da kafintan nan ya zo neman aurenta ma ni na tsaya tsakaninsa da manya, don shi ma kurma ne. Yanzu ga ciki ya shiga watansa.

Ungozoma ta jera masu ciki a benci tana bayanin naƙuda. Ciwon mara da baya, ya zo ya lafa, sannan ya riƙa matsowa kusa da kusa. Faya za ta fashe. In an ga jini da yawa, ko yaro ya daina motsi, a taho kar a jira kowa. Ina juya wa Auta da hannu. Da ta zo kan ƙari, wato ɗan yankan da ake yi in hanya ta yi wa kan yaro kaɗan, da ɗinkin da ke biyo baya, sai na tsallake. Na nuna mata, "Ta ce komai zai zo da sauƙi." Auta ta kalli bakin ungozoma, ta kalle ni.

Abin dariyar, mai fassarar ba ta taɓa haihuwa ba. Na yi aure na fito, ko ɓari ban taɓa yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yatsuna ciwo. Baya ma haka. Ban leƙa su ba.

Asabar, 8 ga Maris

Abin da ungozoma ta fi nanatawa shi ne, in an ce yi nishi a yi, in an ce dakata a dakata, ko da jiki na so. In aka saɓa, uwa ta ji rauni ko yaro ya galabaita. To Auta da me za ta ji?

Alamunmu na gida tun muna yara muka ƙirƙire su. Ruwa, yunwa, zo, tafi, Inna na fushi. Babu nishi a ciki. Sai na kama hannunta na ɗora a maƙogwarona, na wangale baki na yi nishi irin na mai zazzaɓi. Ta gwada. Muryar da ta fito sai da maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Muka yi ta dariya har Auta ta riƙe ciki. Rabon da mu yi irin wannan dariyar na manta.

Laraba, 12 ga Maris

Bakina ya ja mini. Ina yi wa Maman 'yan biyu kitso na ba da labarin darasinmu, ina jin kaina. Ta juyo da ƙarfi har gashin ya suɓuce mini.

"Ke! Nishin haihuwa ai ba na baki ba ne. Rufe baki ake, a riƙe numfashi, a tura ƙasa kamar mai fama da bayan gida. So kike ki kashe yarinyar mutane?"

Shago ya ɗauki dariya. Sai wata ta ce, "Ku bar ta, ai ba laifinta ba ne, ba ta sani ba." Gara dariyar da wannan tausayin. Na ƙarasa kan Maman 'yan biyu, na ɗan ja shi fiye da yadda ya kamata, Allah ya yafe mini.

Da yamma na je na gyara. Auta ta kwaikwaya daidai, sannan ta ɗaga hannu, "Sai me kuma kika koya mini ba daidai ba?" Na ce babu.

Juma'a, 14 ga Maris

Na roƙi ungozoma ta bar ni in shiga da ita ranar.

"Baiwar Allah, ɗakin haihuwa ba a shiga, matan mutane ne kwance."

"Sista, ba ta ji fa. Ga takunkumi a bakinku, ko leɓenku ba za ta gani ba."

Ta ce sai dai mu ga wadda ke bakin aiki ranar.

Da muka koma gidansu Auta ta kira wata ƙawarta ta makarantar kurame a waya, ta bidiyo. Ita ta haihu bara. Suka yi ta magana da hannunsu na makaranta, sauri kamar me, ban tsinci komai ba. Tana kashe waya ta juyo kaina, ta yi almakashi da yatsu biyu.

"Kin ɓoye."

"Ba na so ki tsorata."

"Ni za a yanka ko ke? Jikina ne. Har yau yarinya kike ganina."

Ta wanke ni tas ba tare da sauti ko ɗaya ba. Kafinta ya sunkuyar da kai yana goge tebur da ba shi da datti. Na bar shayina na fito.

Litinin, 17 ga Maris

Ban je ba, ba ta aiko ba. Na gaji da zama kunnen wani. To, na rubuta.

Alhamis, 20 ga Maris

Jiya ne. Da safe ina buɗe shago sai ga kafinta, garin katako duk a rigarsa, yana nuna ruwa na bin ƙafa. Faya ta fashe. Ko makulli ban tuna na cire ba.

Wata tsohuwar ungozoma muka tarar, gajeriya, mai faɗa. Ta hana ni shiga. Na zauna a benci ina jin ta tana ƙwala wa Auta kira daga baya, ba amsa. Can ta leƙo.

"Ina yayar? Cire takalmi, sa wannan rigar. Ki tsaya wajen kanta, kar ki taɓa mini komai."

Ba wanda ya gaya mini yawancin naƙuda jira ne. A kwanta, a tashi, a zaga, a yi amai, a duba a ce da saura. Rana ta take, ta karkata. Auta ba ta yi mini maganar ranar Juma'a ba, ta dai riƙe tsintsiyar hannuna, har yanzu shatin farcenta na nan.

Da abin ya zo da gaske sai ta runtse ido. Duk shirinmu ya tashi a banza.

"Ki ce ta yi nishi!"

"Sista, idonta a rufe yake!"

"To taɓa ta mana! Hannun ado ne?"

Na danna kafaɗarta ƙasa da ƙarfi. Ta tura. Aka ce dakata, na ɗan bubbuga kumatunta, ta saki. Nan take ta gane, kamar mun shekara muna yi. Da tsohuwar ta ce za ta yi ƙari, na kama haɓar Auta har ta buɗe ido, na yi mata almakashi. Ta gyaɗa kai ta sake runtsewa.

Ya fito. Namiji, launinsa kamar toka, shiru. Suka yanke cibiya da sauri suka kai shi kan wani tebur, bayansu ya tare mana. Auta ba ta ganin teburin, ni ta kafe da ido. Ta ɗaga hannu.

"Yana kuka?"

Wallahi hannuna ya riga ya tashi zai ce e. Na maido shi.

"A'a. Bai yi ba. Suna murza bayansa. Suna zuƙe masa hanci. Har yanzu bai yi ba."

Duk abin da na gani na faɗa mata, ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙiftawa ba ta yi. Ban san tsawon lokacin ba, kar ma a tambaye ni. Sai ga wata 'yar siririyar murya, ta tsaya, ta dawo da ƙarfi. Suka kawo shi suka kifa mata a ƙirji. Na ɗaga hannu zan gaya mata, ta ture shi, ta shimfiɗa tafinta a bayan yaron yana tsala ihu.

"Na ji," in ji ta.

Ashe bayan fitowar yaro ma da sauran aiki, ga mabiyiya ga ɗinki. Ni dai na jingina da bango. Tsohuwar ta turo mini kujera da ƙafa, ta ce masu rakiya sun fi masu haihuwa ba ta wahala.

Asabar, 22 ga Maris

An sallame su. Na yi wanki, na yi shara, na dawo na kwanta da takalmi.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau aka ce a mayar da yaro a duba shi. Na riga na ɗaura ɗankwali na ɗauki makulli sai ga su a bakin shago. Auta ta ce in zauna, ina da mutane, za ta rubuta wa ungozoma a waya. Suka wuce, kafinta da jaka, ita da yaro. Na ce ai dama hutu nake nema. Layi biyu na warware a kan da nake yi.

Da yamma na biya. Na ce wa kafinta ya riƙa nuna mini nasu na makaranta kaɗan-kaɗan. Ba don komai ba, yaron ne zai taso da shi, kar su riƙa gulmata a gabana. Ya nuna mini madara, barci, zafi. Yatsuna sun tauri, suna ta yi mini dariya. Na tambaya yaya ake cewa yayar uwa, in san me yaron zai kira ni.

Kafin ya ɗaga hannu Auta ta riga shi. Ta yi alamar uwa, sannan ta ɗora yatsa a kan haƙori, sunan da take kirana da shi saboda wushiryata.

Na ce ba haka na tambaya ba. Ta sake yi, a hankali.

Na ce shayi ya huce, na tashi na shiga kicin.