Hannu Mai Yatsu Huɗu

Yaya Bawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Shinkafar fadama ta nuna? Ni lafiya lau nake a Yamai, abinci ne kawai ba ya shiga.

Ka ce kada in bar karatun likita, kuma ban bari ba tukuna. An fara kai mu ɗakin fiɗar gawa. Malaminmu ya ce gawarwakin ba su da dangi, mota ce ke kawo su, kuma ba a tambaya. Wadda aka ba mu, an rufe mata fuska da ƙyalle. Amma Yaya, hannun hagu yatsu huɗu ne, babu ƙaramin, daidai inda lauje ya cire na Kawu Rabo. Ina ɗaga hannun sai na ji bakina ya ce, "Kawu, ina kwana?" Abokaina suka yi ta dariya.

Ran Litinin za a buɗe fuskar. In shiga, ko in koma sashen shari'a? Na rasa.

A aiko mini da ƙuliƙuli. Kuma kada ka sake ce mini Kawu yana Kwatano. Tun da sojoji suka ɗauke shi a bakin gadar Gaya, wa ya gan shi da idonsa?

Allah ya rufa mana asiri.

Ƙaninka,
Hamidu