Jikata tana neman jinina, uwata kuwa ta hana

Daga admin: Wata dattijuwa ce ta turo da murya, ta ce a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta faɗa.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, ni da aka saba zuwa wurina neman ta, yau ga ni a gabanku. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

A Nassarawa GRA na tashi, zamanin Turawa suna shirin tafiya. Babanmu shi ke kula da lambun wani likita Bature, muna zaune a ɗakunan bayan gida. Ni da ƙanena Habu kullum muna kududdufin wajen Giginyu, ni wanki shi iyo, har na fi shi daɗewa a ruwan. Ranar da ya fara fitsarin jini ba wanda ya damu, a lokacin cewa ake yaro ya zama namiji. Baba har tsire ya sayo masa, kukun gidan yana tsokanarsa wai a fara nema wa ango mata. Sai da cikinsa ya kumbura Baturen ya lura, ya ce tsargiya ce, ya ɗebi jininsa a 'yar kwalba, ya shiga yi masa allurai masu sa amai. Habu bai ga bikin 'yancin kai ba. Inna ta tsaya a kan jinin nan da aka ɗiba ne ya tafi da shi. Ta riƙe hannuna ta ce in na yarda wani likita ya ɗebi nawa, ba ta yafe mini ba duniya da lahira. Har ta rasu ba ta janye ba. Ni kuma na riƙe, duk haihuwata a gida na yi, asibiti ko sun yi magiya sai dai su ba ni ƙwaya.

To ina da jika mace, likita ce, amma ta masu bincike. Ina tsokanarta da mai kiwon tsutsa, ita kuma tana ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe. Rannan ta zo da abokan aikinta. Ta yi mini bayani wai tsutsar tsargiya tana da wata riga, a jikin rigar akwai abin da suke kira furotin, jinin wasu mutane yana gane shi ya yaƙe ta. In suka gano wanne ne, sai su haɗa allurar rigakafi a yi wa yara tun kafin su shiga ruwa. Suna tara jinin waɗanda suka daɗe suna shiga irin ruwan nan ba su kamu ba kamar ni, ta ce ba lalle a samu komai a nawa ba, amma ni ta fara tunawa, don da bakina na ba ta labarin Habu.

Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne maganar Inna. Da na ga ta fito da allura, maimakon in faɗi gaskiya sai na rufe ta da faɗa a gaban baƙi. Na ce ta rasa wanda za ta yi gwaji da shi sai kakarta, na ce ta kwashe kwalabenta ta bar mini gida. Yarinyar nan ta durƙusa ta ce Hajiya yi haƙuri, ta tattara kayanta ta tafi. Tun ranar tana aiko direba da maganin ƙafata, amma ita ba ta tako ba. Abinci ma ba ya mini daɗi.

Na san yanzu ba ɗibar jini ce ta kashe Habu ba, murnar da muka tsaya yi ce. Amma Inna ba ta sani ba, kuma furucin uwa ba wasa ba ne. Masu ilimi a cikinku ku gaya mini, maganar da uwa ta yi cikin zafin rashin ɗa tana nan a kaina har yau? Ita jikar tawa zan kira ta in ba ta haƙuri, wannan na yanke, ko da ban taɓa ba yaro haƙuri ba. Amma in ta zo, in miƙa hannun ko in naɗe shi? In na miƙa, me zan ce da Inna ranar da muka haɗu? In na hana, me zan ce da Habu?