Saƙon da Selom Ya Bari a Kwamfuta

Yaya Akofa,

Ki daina cewa na goge aikin matse hotuna da marigayi ɗan'uwanmu Selom ya haɗa wa Mama. Sabunta kwamfutar ne ya tafi da shi, kuma na mayar da shi da safe.

Mama ba sai ta rubuta umarni a baƙin allon nan ba. Ta danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta kan jakar hotunan atamfa, ta zaɓi "Matse", su dunƙule fayil ɗaya, ta tura wa matan kasuwar Asigame kamar da.

Amma ki gwada kafin ta dawo daga coci. Da na gwada, ya gama matsewa, sai rubutun da Selom ya saka ya fito: "An gama, Mama. Ki ajiye min tuwon akume, ina hanya." Na daɗe ban tashi daga kujerar ba.

Na fita aiki. In cire layin, ko in bar mata?

Mawuko