Kaskon Inna

Harra ta Gabas, Madina
Muharram 1429

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Yaya Fatsuma da yara. Mu nan alhamdulillahi, an sallamo Inna daga asibiti, har tana neman tuwo. In an samu mai zuwa umra, a aiko mana da kuka.

Kada hankalinka ya tashi. Sanyin bana ya yi tsanani. Muna da daffaya, abin ɗumama ɗaki na lantarki, amma tunda Inna ta ji kuɗin wutar watan jiya ta hana a kunna. Ta ce a hura gawayi a kasko kamar yadda muke yi a gida. Ranar Talata bayan asuba muka shigar da shi ɗaki.

Da hantsi Allah ya kawo maƙwabciyarmu Shafa'atu. Ta yi sallama shiru, ta tura ƙofa, ta same mu ko kai ba ma iya ɗagawa. Tana jan mu waje tana faɗa: "Ya Hajja, haram! Wannan ba ɗakin ƙasa ba ne, hayaƙin ta ina zai fita?"

Yanzu daffaya na kunne, kuma Inna ta fi kowa matsawa kusa da ita.

Ta ce kada in gaya maka, amma na ga ɓoyewa ba amana ba ce. In ka rubuto, kada ka yi mata faɗa. Ni ce na toshe ƙarƙashin ƙofar da tsumma, ina gudun sanyi ya kama mata ƙirji. Ka yafe mini, ka taya mu gode wa Allah.

Ƙanwarka,
Barira