Inda Aka Cuce Ni, Can Za A Tura Ƙanwar Mijina

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki rufa mini asiri, kada ki sa sunana.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu. Ina aiki a ɗakin wanki na wani babban otal, can ƙasan gini inda babu taga, sai tururi da ƙarar injuna. Mu ke wanke zannuwan gado da tawul, mu goge, mu ninke. Shugaban sashenmu Mai Makulli muke ce masa, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Dattijo ne mai furfura, mai yawan gaisuwa, har "'yata" yake ce mini.

Wata biyu da suka wuce, da tsakar rana, sauran sun fita cin abinci, ya ce in kai zannuwa sito in jera. Ina cikin jerawa na ji an murɗa makulli a bayana. Anti, ba zan iya rubuta sauran ba. Na yi ihu, injuna suka shanye muryata. Da ya gama ya ce in gyara ɗankwalina, kuma in na buɗe baki zai ce ni na bi shi, a ga wanda za a yarda da shi. Na koma teburin guga na ƙarasa aikin ranar. Har yau ban san yadda aka yi na iya ba.

Yayata kaɗai na faɗa wa. Ta rungume ni ta yi kuka, sannan ta ce in binne maganar, wai ko mijin kirki ne ba zai sake kallona kamar da ba, dangin miji kuma ba sa manta irin wannan. Ban je asibiti ba. Wanka kawai nake ta yi har fatata ta yi zafi.

Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako bai dawo ba. Mutum ne mai barkwanci, da can yana shigowa zai ce ya auri mace ya samu ƙamshin otal kyauta. Yanzu ya taɓa kafaɗata sai in zabura kamar an ɗana mini wuta. Ko makullin motarsa ya jefa kan tebur sai in tashi in bar ɗakin. Ya tambaye ni ko laifi ya yi, na ce gajiya ce. Ya daina zolayata, ya daina tambaya, yaran ma sun fara raɓe-raɓe idan na shigo.

Da ni kaɗai ce, da na ci gaba da haɗiyewa. Amma akwai Auta, ƙanwar maigidana, kusan a hannuna ta girma. Tun bara take damuna, matar Yaya a samo mini aiki, na kuwa kai sunanta tun kafin abin ya faru. Makon jiya suka ɗauke ta. Surukata har albarka ta yi ta sa mini. Jiya Mai Makulli ya ce yarinyar tana da natsuwa, ita zai ba wa kula da sito. Yana faɗa yana kallona.

In na ce ta bar aikin, a ce baƙin ciki nake mata. In na faɗi dalili, asirina ya tonu, kuma na san zuciyar maigidana, zai iya kashe mutumin ya ƙare a kurkuku. In na yi shiru kuma, da wane ido zan kalle ta? Anti, yaya zan yi?

Taki, Mai Guga

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Bari in kira abin da sunansa: fyaɗe aka yi miki, kuma ba ki da laifi ko kaɗan. Komawar da kika yi kan guga ba yarda ba ce, haka firgici yake daskarar da mutum. Asirin da kike tsoron ya tonu nasa ne, ba naki ba.

Maganar Auta ba ta jira. Kafin ta sake fita aiki ki zaunar da ita. Ba dole sai kin ba ta labarinki ba. Ki ce mata mutumin nan yana cutar mata, kin sani tabbas, kada ta shiga siton nan ita kaɗai ko da za ta rasa aikin. In an ce baƙin ciki ne, a ce. Wannan zargin zai wuce, abin da kike gudar mata ba ya wucewa da sauƙi.

Ki je asibiti cikin makon nan. Magungunan kariya a kwana ukun farko suke aiki, wannan ya wuce, amma gwajin ciki da na cututtuka bai wuce ba, kuma ya shafi lafiyar maigidanki. Ki nemi ma'aikaciyar jinya, ki tambaye ta cibiya ko ƙungiyar da ke kula da matan da aka ci zarafinsu a kusa da ke. A irin waɗannan wurare akan samu mai sauraron damuwa cikin sirri, da lauyoyi mata. Zaburar nan da yawan wankan ciwo ne, kuma ana jinyarsa.

Yayarki ba maƙiyiyarki ba ce, tsoronta ma ba ƙarya ba ne. Na ga auren da irin wannan labari ya kashe, na kuma ga mazan da suka tsaya kai da fata. Ba zan yi miki alkawarin wanne ne naki ba. Sai dai shirun ma ya riga ya fara cin gidanki. Shawarata ki faɗa masa, amma ba ke kaɗai ba, ba kuma ranar da zai hau hanya ba. A yi a gaban mai ba ki shawara ko wani babba da yake jin nauyinsa, ki ce masa a gefenki kike buƙatarsa, ba a kurkuku ba.

Kai ƙara zaɓinki ne, kada kowa ya tilasta miki, har ni. Shaida za ta yi wuya, kuma zai musanta. Amma wanda ya yi wannan da irin wannan kwanciyar hankali, da wuya a ce ke ce ta farko. Lauya za ta iya tunkarar masu otal ɗin, a binciki matan da suka bar aiki ba dalili, a kuma hana tura mace sito ita kaɗai.

Ba zan ce komai zai koma kamar da ba. Amma kin ɗauki kayan nan ke kaɗai ya isa haka, ki bari a kama miki. Allah ya ba ki lafiya, ya tsare Auta, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya bi miki haƙƙinki.

Antinki