Wuta a Ramin Haladu

Litinin, 3 ga Maris, 2008
Bakina ya ja mini. Ƙanena Haladu, da ke haƙar zinari wajen Bagega, ya zo Anka yana ƙorafin farin dutse ya cinye masa guduma biyu. Ni kuwa shekara ashirin ina koyar da kimiyya ba wanda ya taɓa tambayata abu mai amfani, sai na gyara zama. Na ce ƙwayoyin cikin dutsen a jere suke kamar sahun salla. Zafi na kaiwa digiri 573, sahun ya sake tsayuwa lokaci guda, dutsen ya kumbura ya tsage. "Ashe bokonga na da rana, Yaya," in ji shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Haladu da abokan haƙarsa sun hura wuta. A cikin ramin, gaba goma sha biyu ƙasa. Ban ce su yi haka ba. Ban kuma ce kada su yi ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na koma littafin kimiyyata. In dutsen ya huce, sahun na komawa yadda yake, amma tsagar ba ta haɗewa. Haladu kuwa ya ce jijiyar farin dutsen ta bi bangon ramin har saman kawunansu. Ido zai ga bango lafiyayye.
Na kasa cin tuwo.

Lahadi, 9 ga Maris
Na hau kabu-kabu na je wurin Haladu. Dariya ya yi. "Kai kac ce wuta, kuma kai ka tsoronta?" Dutse na farfashe musu kamar ƙuli-ƙuli, wa zai bar ramin? Na ce aƙalla su riƙa ƙwanƙwasa bango, inda ya yi amon tsagaggen tulu a tokare da itace. Ya ce su ba makaɗa ba ne.

Laraba, 12 ga Maris
Inna ta ce, "Mi ya same ka, kana ta leƙen ƙofa?" Na ce zafi ne. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai na miƙe in ji ko labarin ramin aka kawo.

Asabar, 15 ga Maris
Na koma ramin, na ce ni zan sauka in ƙwanƙwasa bangon. Igiyarsu ta fi kyan gani daga sama. Ni da ban taɓa leƙa rijiya ba. Sai da suka taru su huɗu kafin su zura tumbina.
Wuri uku amon bai yi mini ba. Sun tokare biyu don su rabu da ni. Na ukun daidai inda Haladu ke durƙusawa ne, itacen kuma ya ƙare.
Zan sayi itace in kai musu da kaina. Na aika wa shugaban makaranta cewa Litinin ba zan samu zuwa ba. Ciwon baya.